Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a daren gobara

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, ni da maiɗakina da yara duk muna nan lafiya. Gobarar da ta tashi a gidanmu, a wani ƙaramin gari da ke wajen Filadalfiya a jihar Fensilbaniya, ta cinye ɗakin ƙasa da rabin kicin, hayaƙi kuma ya ɓata kayan sama. Amma babu wanda ya ƙone, babu wanda ya ji ciwo. Daga injin busar da tufafi wutar ta kama, na'urar jin hayaƙi ce ta tashe mu. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙon jaje, daga nan Amurka ko daga gida, bai ji amsa ba, ya yi mana afuwa. Mun gani, mun gode ƙwarai.

Godiya ta musamman ga 'yan kwana-kwanan garinmu. Jama'a, mutanen nan ba albashi ake biyansu ba, 'yan sa-kai ne. Wanda ya riƙe tiyo a bakin ƙofar ƙasa mai gyaran famfo ne. Matar da ta lulluɓe 'yata da bargo direbar motar 'yan makaranta ce. Daga barci suka taso cikin tsananin sanyi, ruwan da ya fantsamo musu har ya daskare a jikin rigunansu. Bayan wuta ta mutu kuma ba su tafi ba. Sun rufe kujerunmu da tamfol don kada ruwa ya ƙarasa su, sannan wani dattijo a cikinsu ya fito mini da jakar fasfo ɗinmu da Alƙur'anina, ya ɗauko shi a tafin hannayensa biyu. Wallahi a nan ne hawaye suka zubo mini.

Wannan hali gado suka yi, shi ya sa nake so mutanenmu su san asalinsa. A watan Disamba na 1736 Benjamin Franklin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kashe gobara ta Union Fire Company a Filadalfiya, mutum kimanin 30. Kowa da kuɗinsa yake tanadar gugan fata da buhunan zane masu ƙwari, da sunansa a jiki. Guga na ruwa ne, buhu kuwa na kwashe kayan mai gida kafin wuta ta kai gare su. Wasu kuma aikinsu tsayuwa a bakin ƙofa don kada ɓarayi su fake da taimako su yi awon gaba da kaya. Duk wata suna zama, wanda bai zo ba a ci shi tara, da kuɗin tarar ake sayen tsani da ƙugiyoyi da injin ruwa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ƙa'idarsu. A Boston, inda aka haifi Franklin, akwai ƙungiyoyin gobara kafin nan, amma 'ya'yan ƙungiya suka fi duba wa. Su kuwa na Filadalfiya sun yarda za su fita ko gidan wa ya kama. Da masu son shiga suka yi yawa, sai aka ce su je su kafa nasu, haka aka samu ƙungiyar Fellowship a 1738, wasu suka biyo baya. Sai 1871 birnin ya koma ga ma'aikatan kashe gobara masu albashi, amma a ƙananan garuruwan jihar har gobe 'yan sa-kai ne ke riƙe da aikin. Aikin gayya ne sak, irin wanda muka taso muka gani a gida. Ni baƙo ne, da wani harshe da wani addini, babu wanda ya tambaye ni daga ina nake.

Sai dai hannu ya yi musu ƙaranci. Wani rahoton majalisar jihar na 2018 ya nuna 'yan sa-kan nan sun ragu daga kimanin 300,000 a shekarun 1970 zuwa kimanin 38,000. Don haka 'yan'uwana mazauna nan, idan takardar neman gudunmawarsu ta shigo akwatin wasiƙa, don Allah kada a jefar da ita. Matasanmu masu jini a jika su je su yi rajista, ana horar da mutum. A kuma riƙa duba batirin na'urar hayaƙi, a share tarkacen zaren da ke taruwa a injin busar da kaya.

Ga maƙwabcinmu da ya buɗe mana gidansa cikin dare, da Malam liman da jama'ar masallaci da suka haɗa mana gudunmawa ranar Juma'a, da iyayenmu mata da suka yi ta kawo tuwo da kayan sawar yara, ba mu da abin biyanku. Allah ya saka da alheri, ya tsare ku da iyalanku, ya kiyaye gaba. Muna gidan haya na wucin gadi har a gama gyara, mai son zuwa ƙofa a buɗe take.