Ɗan riƙo mai ƙafa huɗu

A cikin kwali na sami kwikwiyon, a gefen kwata, ruwan sama ya jiƙa gindin kwalin har ya fara yagewa. Da na ɗaga shi bai fi nauyin takalmi ƙafa ɗaya ba. Ciki ya kumbura tim, haƙarƙari kuwa ana iya ƙirga su da ido, ƙuma ta rufe shi sai ka ce an watsa masa baƙin yashi. Bakinsa baƙi, gadon bayansa baƙi, ƙafafu ruwan ƙasa, ga tafin ƙafa faka-faka da suka fi ƙarfin jikinsa. Wanda ya san karnuka da gani zai ce akwai jinin karen kiwo na Jamus a jikinsa, irin wanda mutane ke kira karen 'yan sanda. Ni a lokacin ban san komai ba, tausayi kawai gare ni. Na sa masa suna Tsintau, na yi cigiya kwana da kwanaki ba wanda ya ce nasa ne, sai na ƙudurta zan riƙe shi har ya yi ƙwari sannan in nema masa gida, don inda nake zaune ba zai ɗauki babban kare ba.

Ƙannena, ku da zuciyarku ba ta iya wuce dabba a yashe, ku saurare ni. Tausayin nan nawa sau biyu yana kai kwikwiyon nan bakin mutuwa, kuma tabon da ke wuyansa har yau ni ne sanadi.

Daren farko na cika masa kwano da madarar shanu. Ya lashe tas, na ƙara masa, ina ta murna wai na ceci rai. Kafin gari ya waye zawo ya ɓarke masa, ya kwanta ko kai ba ya iya ɗagawa. Likitan dabbobi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, yunwa ta bar shi da rai, kai kuma ka zo ka ƙarasa shi?" Ashe madarar shanu ba ta yi wa kwikwiyo daɗin ciki, kuma cikin da ya daɗe ba abinci ba a ɗura masa lokaci guda, kaɗan-kaɗan ake ba shi, kamar sau huɗu a yini. Likitan ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce bai wuce sati 6 ba, alhali ƙa'ida kwikwiyo ya kai sati 8 tare da uwarsa. Ya nuna mini dasashinsa ya yi fari fat, ƙuma da tsutsar ciki sun zuƙe jinin. Kumburin da na ɗauka ƙoshi ne, tsutsa ce, wadda kwikwiyo kan samu tun a cikin uwa ko ta nono. Maganinta duk bayan sati 2 har ya kai wata 3, daga nan wata-wata har wata 6. Ƙwan tsutsar nan yana shiga cikin mutum, musamman yara masu wasa da ƙasa, don haka kwashe kashi da wanke hannu ba zaɓi ba ne. Ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen, domin yana lalata wa kare ciki da ƙoda. Da zan sake, daga bakin kwatar nan asibitin dabbobi zan nufa kafin gida.

Da ya murmure aka yi masa allurar rigakafi ta farko. A zatona an gama ke nan. Na saya masa igiya, na fara yawo da shi a titi, yana shinshina duk inda karnuka suka yi bahaya, mutane na tsayawa suna yaba kyansa, ni kuma kaina na fasuwa. Kwana biyar bayan wani irin yawon ya ƙi cin abinci. Washegari amai, sai zawo da jini mai wani irin ƙarni da har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Fabo ce, ƙwayar cutar da ta bazu a duniya tun 1978, mai cinye bangon hanjin kwikwiyo. Ba ta da maganin da ake sha a warke nan take. Ƙarin ruwa ne da maganin tsayar da amai da na kare jini daga wasu ƙwayoyin, sai jikin ya yi yaƙinsa. Kwana huɗu ya yi da allurar ruwa a ƙafarsa ta gaba, ni ina zaune a benci ina cizon yatsa.

Abin da ban sani ba shi ne, kariyar da kwikwiyo ke samu daga dakashin uwarsa takan hana allura aiki, kuma ba wanda ya san takamaiman ranar da za ta gushe daga jikinsa. Shi ya sa ake maimaita allurar duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. Ta ciwon haukan kare kuma daga sati 12 ake yi, kuma ita ba ta da wasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, kusan duka ta cizon kare. Kwikwiyon da ba a san asalinsa ba in ya fasa maka fata, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka wuce asibiti. Ita kuma fabo takan yi watanni a raye cikin ƙasa. Daɓe da kwanuka na wanke su da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, tsummokaran da ya kwanta a kai na ƙone.

To, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga ranar da muka dawo na kulle Tsintau a ɗaki, ba ya ganin kowa sai ni. Baƙo in ya zo sai in rufe ƙofa. A raina kare shi nake yi, ashe wani ramin nake haƙa masa. Tsakanin sati 3 zuwa wajen sati 14 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar duniya: duk abin da ya gani a wannan tsakani ba tare da ya cutu ba, sai ya ɗauke shi ba komai ba, abin da bai gani ba kuma, daga baya abin tsoro ne. Na bar wannan lokaci ya wuce yana kallon bango huɗu da fuskata. Ranar da na fito da shi, yana ganin yaro a kan keke ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya yi fitsari a tsaye. Alhali akwai hanya tsakanin sakaci da kulle. Bayan likita ya tabbatar ya daina yaɗa cutar, da na rungume shi a hannu na zaga da shi ya ji ƙarar motoci ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Da na gayyato mutane iri-iri, tsoho da yaro, mai hula da mai sanda, kowa ya miƙa masa ɗan abin ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na adana nawa a ɗaki har ya bushe.

Ɓarna kuma ba a magana. Wajen wata 4 ya fara famfara, haƙoran yarinta 28 suna zubewa, na girma 42 suna fitowa, ba abin da ya tsira: wayar caja, ƙafar kujera, takalmana ƙafa uku, kowace daga takalmi daban. Ina ta yi masa tsawa har na fahimci ba mugunta ba ce. Wani tsohon hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar wannan jinsi na karen kiwo a Jamus a 1899, kuma don aiki ya tsara shi, kare mai yini yana kewaya garken tumaki yana jiran umarni. Ka ɗauko jikan wannan ka ajiye a ɗaki ba aikin fari ba na baƙi, ai dole ya nema wa kansa abin yi.

Duk waɗannan kurakuran jahilci ne. Wanda ke tafe na son rai ne, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Yana wata 5 na gaji. Barci ya yi mini ƙaranci, ɗaki ya yi mana kaɗan. Sai ga wani mutum ya ga hotonsa ya kira ni, ya zo a ranar. Tambayarsa ɗaya ce: "Yana da zafi?" Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni, amma sai na yi dariya na ce, "Ranka ya daɗe, ai jininsu ne." Ban ce masa yana tsoron yara ba. Ban ce bai taɓa kwana shi kaɗai ba, don a gefen gadona na saba masa. Ban tambaye shi ina zai ajiye shi ba, wa zai ciyar da shi, ko iyalinsa sun yarda. Na ji tsoron in na faɗi aibinsa cinikin ya watse, sai na miƙa igiya na koma ɗaki na yi barci mai daɗi.

Bayan sati uku ya dawo mini da shi a bayan mota. Wai ya hana unguwa barci da kuka, kuma maimakon ya yi wa baƙo haushi sai ya ɓuya. An ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya dare da rana don ya yi zafi. Abin wuyan da na sa masa yana ƙarami ba wanda ya sassauta, shi kuwa kwikwiyon wannan jinsi kullum ƙara girma yake, har fatar ta tsage ta yi ruwa. Kaska ta cika masa kunnuwa, kuma irinsu zazzaɓin kaska yana yi musu mugun kamu fiye da yawancin karnuka, sai da aka gwada jininsa. Na so in zagi mutumin, amma da wane baki? Mai gadi ya zo nema, ni na ba shi jariri na ce masa soja ne.

Wata biyu na ƙara ina gyaran abin da na ɓata. Na matsar da shimfiɗarsa daga gefen gadona zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa waje, taki-taki. Na riƙa fita minti biyar in dawo ba tare da wani ɗoki ba, sai minti goma, sai awa. Na roƙi wasu su riƙa ba shi abinci ina gefe, don ya san alheri ba a hannuna kaɗai yake ba. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, domin akwai daɗi a ce wata halitta ba ta yarda da kowa sai kai. Amma mai riƙo ba don kansa yake raino ba, gidan gaba yake yi wa tanadi.

Da na sake neman gida, sai na rubuta aibinsa a takarda kafin kyansa: yana tsoron keke, yana zubar da gashi ba kaɗan ba, yana cin takalmi, namijin irinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, kuma zai iya yin shekara goma ko fiye yana bukatar abinci da magani da yawo kullum. Na ƙara da cewa jinsinsu na fama da ciwon kwatangwalo, don haka kada a bar shi ya yi teɓa, kada a sa shi tsalle-tsalle da dogon gudu kafin ƙashinsa ya gama ƙwari bayan shekara ɗaya. Mutum huɗu suka karanta ba su sake kira ba. Ɗaya na ƙi shi da kaina, don maganarsa duk a kan 'ya'yan da za a samu a sayar ce.

Wadda ta karɓe shi wata dattijuwa ce da ɗanta, sun taɓa riƙe babban kare har ya tsufa ya mutu a hannunsu. Ita ce ma ta yi mini tambayoyi, ba ni ba. Na je gidan da ƙafata, na duba katanga da inuwa da inda za a ajiye ruwa. Sau uku suna zuwa wurina kafin su tafi da shi. Na haɗa musu da katin rigakafinsa, da abincin da ya saba na mako guda don a canja masa a hankali, da tsumman da yake kwana a kai ban wanke ba. Na ce, "Mama, in ya gagare ku, ko bayan shekara ne, ni za ku dawo wa da shi, ba zan tambayi dalili ba." Ta ce, "Ɗan nan, ka kwantar da hankalinka. Amma kada ka zo sai ya yi wata guda, kar ka raba masa hankali biyu."

Na bi maganarta, da ƙyar. Yanzu keke ya daina ba shi tsoro, har rakiya yake yi wa ɗan gidan. Gashi bai sake fitowa a inda abin wuyan ya ci ba, zobe ne fari siriri da sai ka shafa za ka gani. Ƙarar sarƙa ce dai har yau in ya ji sai ya shige ƙarƙashin tebur yana karkarwa. Zuwana na ƙarshe na tarar Mama ta naɗe sarƙar ƙofar gidan da tsohon zani, ta ɗaure da zare, don kada ta yi ƙara in ana buɗewa.