Saiwar da na kusa zubarwa

Yau da safe na ɗauki tukunyar furen nan da ƙanena ya aiko mini irinsa daga Koriya, zan juye ta a bola. Tun da sanyin hunturu ya shigo Yamai ganyen ya bushe ƙurmus, na ce shi ke nan, ƙasarmu ta ƙi shi. Ina juyawa sai ga saiwa fara sol, mai kauri kamar ƙaramin karas. Na ɗan karce ta da farce, wani farin ruwa ya tsattso kamar na tumfafiya. Baba mai gadi ya leƙo ya ce, "Hajiya, wannan ai barci take yi."

Ashe haka ɗabi'arsa take a can Koriya da Sin da Japan inda yake fitowa a daji: kara da ganye su mutu lokacin sanyi, saiwa ta sake tofo wata shekara. Doraji mutanen Koriya suke ce masa, har cin saiwar suke yi. Ni dai shuɗin furen nake so, wanda ke kumbura kamar balan-balan kafin ya buɗe baki biyar. Matsalar, ba ya son a taɓa masa saiwa, ni kuwa na tumɓuke ta gaba ɗaya. Na mayar da ita a inuwar dogon yaro, amma zuciyata na kan zafin Afrilu.