Littafin Yaya da kwana ɗayan da ya canza

Aikina na farko a Amurka a wani banki ne a Bronx, ina ƙirga kuɗin mutane a bayan kanta. Da na gaji da tsayuwa sai na ƙudurta zana SIE, jarrabawar share fagen dillancin hannun jari da hukumar FINRA, mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ta fito da ita a watan Oktoba na 2018. Abin da ya ja ra'ayina shi ne ba sai wani kamfani ya tsaya maka ba, muddin ka kai shekara 18. Series 7 kam, jarrabawar lasisin dillanci, sai wanda kamfani ya ɗauka aiki.

Wani bawan Allah da muke salla tare, mutumin Zangon Kumasi, ya ci tasa tun 2022. Da na gaya masa niyyata ya ce, "Ƙanena, kada ka kashe ko kwabo, ga nawa." Washegari ya kawo min littafi kamar tubali, duk ya sha jan biro. Na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri." Kyauta ce, wa zai tsaya duba shekarar bugu?

Wannan a tsakiyar 2024 ne. Wata guda na yi ina haddar littafin, daga bango zuwa bango, har dokokin da ba su da nauyi sosai. Sai daga baya na sauke jadawalin da FINRA ke bayarwa kyauta a shafinta, na ga yadda aka kasa tambayoyi 75 ɗin da ake ba maki. Guda 33 a kan kayan kasuwar ne da haɗarinsu: hannun jari, takardun lamuni, asusun haɗaka. Guda 23 a kan ciniki, asusun abokan hulɗa da abubuwan da aka haramta, 12 a kan tsarin kasuwa, 7 kacal a kan hukumomi. Ni kuwa sati biyu na ɓata a kan waɗannan bakwai ɗin, domin sun fi daɗin hadda.

Daga nan na cije na biya kuɗin rumbun tambayoyi na intanet. A daren farko aka tambaye ni yaushe ake kammala cinikin hannun jari, a biya kuɗi a miƙa kaya. Na danna kwana biyu na aiki ba tare da tunani ba. Ja, wato kuskure! Har na fara zagin kamfanin a raina. Ashe tun ranar 28 ga Mayu, 2024 an mayar da shi kwana ɗaya, littafin Yaya kuwa an buga shi kafin nan. Kuma kwana ɗayan nan ba shi kaɗai ya tafi ba. Ya taɓa wa'adin da ake ba mai saye ya biya, ya taɓa ranar da mai saye ke rasa rabon riba, wadda yanzu ta haɗe da ranar rajistar masu hannun jari. Abu uku na haddace a karkace, ina ta murna.

Ban yar da littafin ba, domin bayaninsa a kan yadda farashin takardar lamuni ke sauka idan kuɗin ruwa ya hau ya fi na kowane bidiyo da na kalla. Amma sauran makonnin a kan tambayoyi na ƙare su. Rumbun da ke gaya maka dalilin da ya sa sauran amsoshi ukun ba daidai ba ne shi ya cancanci kuɗinka. Wanda zai nuna maka amsa kawai, ka bar musu kayansu. Na kuma riƙa sa agogo, awa ɗaya da minti 45, har sai da nake wuce maki 70 da ake buƙata don cin jarrabawar da tazara, don a lokacin wanda ya faɗi sai ya jira kwana 30 kafin ya sake zanawa.

Na zana a cibiyar jarrabawa ta kamfanin Prometric, na ci. Da na mayar wa Yaya littafinsa sai na tarar ya riga ya yi wa wani yaro alkawarinsa. Na ari biro na gyara shafuka ukun nan kafin in miƙa.