Godiya bayan arba'in ɗin Autarmu

Assalamu alaikum. Jiya aka yi addu'ar arba'in, yau da safe yara suka mayar da tabarmin masallaci, gidan ya yi tsit. Umma ce ta ce in rubuta, don ita har yanzu in ta buɗe baki kuka ke riga magana fitowa. Abba kuwa kun san shi, kwana bakwai a zaman makoki ban ji ya ce komai ba bayan "mun gode". Ba zan maimaita labari ba. Kuna tare da mu tun yammacin da Auta ta tafi islamiyya ba ta dawo ba, har zuwa ranar da muka raka ta maƙabartar Ɗandolo.

Na san ba a ambaton mai alheri a bainar jama'a, kuma na san za ta yi min faɗa, amma sai na ambaci Iya mai ƙosan bakin titi. Safiyar da aka tsinci Auta a kangon nan, kafin labari ya iso mana samari sun cika wurin, kowa ya ɗaga waya. Iya ta bar kaskonta a kan wuta, ta ratsa su, ta cire mayafinta ta lulluɓe yarinyar da ba ta haɗa komai da ita ba, ta zauna a ƙasa ta ba su baya. Wanda ya matso sai ta ce masa, "In ƙanwarka ce fa?" Haka ta zauna kai ba mayafi, ɗankwali kawai, har 'yan sanda suka zo. Da na iso ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, ita ta riƙo hannuna ta ce, "Ɗana, kar ka buɗe, takalminta ya ishe ka shaida." Takalmin ni na saya mata da ƙaramar salla. A kwanakin nan arba'in babu abin da nake tsoro kamar Umma ta buɗe WhatsApp ta ci karo da hoton 'yarta. Har yau ba ta gani ba. Man ƙosan ranar ya ƙone ƙurmus, na kai mata kuɗi ta kore ni. Iya, Allah ya suturta ki duniya da lahira, ya rufa wa zuri'arki asiri, ya sa kada ki ga irin wannan rana a kan naki.

Mai adaidaita sahun layinmu da ya yi kwana uku yana zagaya asibitoci da mu bai karɓi ko sisi ba, Gwaggo da matan da suka yi wanka, malaman islamiyya, ƙawayen Auta 'yan aji biyar da suka sauke mata Alƙur'ani, liman da mai unguwa, da matan maƙwabta da tukunyarsu ba ta sauka daga murhu ba: Allah ya saka da mafificin alheri, ya jiƙan magabatanku, ya raya muku naku, ya tsare 'ya'yan kowa a hanyar makaranta. Akwai 'yan uwa na jini da muka yi ta duban ƙofa ba mu gan su ba, sai saƙon "Allah ya jiƙanta" a waya, alhali Abuja zuwa Kano ba ƙetare teku ba ne. To, ba komai. Wataƙila uzuri ne.

Masu tambayar inda aka kwana, gaskiya ba a kwana ko'ina ba. An kama mutum biyu a makon farko, aka sake su don babu hujja. Ƙaramar wayar da ke jakarta ba a gano ta ba. Duk zuwan da na yi wurin 'yan sanda amsa ɗaya ce, ana kan bincike. Wani lauya da ya zo ta'aziyya ya zaunar da ni ya fahimtar da ni cewa ko an kama mutum yau, sai fayil ya je ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, sannan a gurfanar da shi a babbar kotu, don kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa. Mu ko matakin farko ba mu taka ba. Duk ɗan Kano ya tuna Hanifa, ƙaramar yarinyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe: an sace ta a Disambar 2021, zuwa Yulin 2022 babbar kotu ta yanke wa mai makarantarsu hukuncin kisa. Wata bakwai da 'yan kwanaki, saboda gari ya tashi tsaye bai zauna ba. Abba ba kowa ba ne, tela ne, amma shekara 16 ya yi yana rainon yarinyar nan.

Masu ce mana "ku bar wa Allah", mun ji, kuma mun san da kyakkyawar niyya kuke faɗa. Wa muke da shi in ba Shi ba? Shi ne ya ce ranar ƙiyama za a tambayi yarinyar da aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Sai dai wanda ya yi wannan aiki yana nan yana yawo, ƙila ma ya zo ya yi mana gaisuwa, kuma layinmu cike yake da 'yan mata masu zuwa islamiyya. Yafiya haƙƙin Abba da Umma ne, amma sai an san wanda za a yafe wa. Masu raɗe-raɗin ina za ta, wurin wa za ta, allonta da jakarta suna nan rataye a ɗakin Umma, ku ji tsoron Allah.

Ranar Litinin zan sake komawa wurin 'yan sanda, liman ya ce zai raka ni. Duk wanda ya ga wani abu ranar tsakanin la'asar da magariba, ko babur ne ya ga ya tsaya, ya samu liman a keɓe, ba za a ambaci sunansa ba. Sannan akwai babbar tukunya ɗaya da kuloli biyu da ba mu san masu su ba, suna zaure, don Allah a aiko yaro ya ɗauka.