Zakkar Masara a Kakar Bana

Madalla da matasan unguwanninmu a Kaduna da ke bin manoma suna tattara zakkar masara don marayu da mabuƙata. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300. Noman damina buhu 1 ake fitarwa cikin kowane 10. Na rani da aka shayar da inji kuwa, 1 cikin 20.

Wajen ajiya ake tafka asara, jama'a. Sabuwar masara, ko daga Saminaka ta fito, tana zuwa da danshi. A shanya ta kan tamfol har ƙwayar ta yi ƙas idan an ciza. In aka ɗinke buhu da sauran danshi, fumfuna za ta kama ta, ƙwari su mai da ita gari. A jera buhunan kan katako, nesa da bango.