Abin da kula da tankin murjani ya koya min a Legas

Idan na ce wa mutanenmu a Agege aikina kula da tankin kifi ne a gidajen mutane, nan take hankalinsu ke tafiya kan tarwada da karfasa irin na masu farfesu. Ba shi ba ne. Namu tankin gilashi ne da ake ajiyewa a falo, ruwan gishiri ne a ciki irin na teku, da kananan kifaye masu launi, sai murjani mai rai yana girma a kan duwatsu. Yawancin kwastomominmu suna Ikoyi da Victoria Island da Lekki, akwai Alhazai 'yan uwanmu a ciki, akwai Yarabawa da Igbo da 'yan Labanon. A hannun ogana na koyi aikin, kuma abin da ya fara dasa min a kai shi ne mu ruwa muke kula da shi, in ruwa ya zauna lafiya kifin da murjanin su sun san yadda za su yi da kansu.

Dalili kuwa, inda wadannan halittu suka fito ruwan kusan ba ya canzawa. Gishirinsa kamar giram 35 ne a kowace lita yau da gobe da badi, duminsa ma ba ya tsalle. Haka Allah ya halicce su, ba su saba da bazata ba. Toh kai kuma ka dauko su ka kawo Legas, garin da wuta za ta tafi ba sallama, zafin Fabrairu da Maris ya shigo, hunturu ya kawo kura, kudin dala ya tashi a hana ka sayen gishirin da ka saba da shi. Duk aikinmu a nan yake, yadda za a yi wannan dan ruwan na falo kada ya ji abin da ke faruwa a garin.

Mutane da yawa suna tambaya me zai hana a je bakin teku a debo ruwa tunda ga shi nan kyauta. Ba ma yi. Ruwan lagun gauraye yake da na koguna, gishirinsa hawa da sauka yake tsakanin damina da rani, na bakin teku kuma ba ka san mai da dattin da ya kwaso ba. Na bohol ma ba a zuba shi kai tsaye, a wasu unguwannin Lekki da idonka za ka ga yana ja-ja saboda karfen da ke ciki. Sai an tace shi da na'urar RO/DI har abin awon dattin da ya narke a ruwa ya nuna sifili, sannan a zuba a duro mai tsabta a auna gishirin buhu na musamman, ba na girki ba fa, a sa famfo ya kwana yana juya shi. Da safe ka diga digo biyu a kan abin auna gishiri ka daga shi saitin haske ka leka, layin ya tsaya a 1.025 ko 1.026, shikenan. Kuma akwai abu daya da nake maimaita wa kowane gida har su gaji da ni: ruwan da ya ragu a tanki saboda tururi, ruwan zalla ake mayarwa ba na gishiri ba. Kamar miya ce a kan wuta, ruwa ne ke tafiya gishiri yana nan yana kara karfi. A gidan da AC ke aiki dare da rana ragin nan yana da yawa sosai.

Sai jira. Wannan shi ne inda muke shan fama da masu gida. Sabon tanki ba a sa masa kifi, sai ya yi sati hudu zuwa shida daga ruwa sai duwatsu sai yashi, famfo na ta gudu. Kashin kifi da ragowar abinci amoniya suke zama, ita kuma guba ce, ko kadan ce tana kona musu wurin numfashi. Akwai kwayoyin bakteriya da ke zama a cikin kofofin dutsen suna mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda shi da sauki, ana rage shi da canjin ruwa. Kwayoyin nan ba a ganinsu, kuma ba sa yaduwa da sauri don kai kana sauri. Akwai wani Alhaji da za a yi bikin 'yarsa, yana so baki su zo su tarar da tanki cike, ya ce min "Malam ko nawa ne a zuba kifin nan kafin Asabar." Na ce ranka ya dade ba maganar kudi ba ce, in muka zuba yanzu ranar bikin gawa za a rika tsamewa a gaban baki. Ransa bai so ba, ya kira oga, oga ya fada masa abin da na fada. Muka jera duwatsun da kyau muka kunna shudin haske, aka yi biki a haka, kifin farko ya shiga bayan awo ya nuna amoniya da naitirait duk sifili. Tankin nan har yanzu yana cikin masu lafiya da muke zagayawa. Ko bayan jiran ma ba a juye kifi goma rana daya, biyu ne, a bar su makonni, sannan a kara.

Maganar wuta kuwa ita ce uwa uba, kuma a nan ne abin da ake karantawa a intanet bai ishe mu ba, don masu rubutun yawanci a Turai da Amurka suke, damuwarsu sanyi ne da hita, mu tamu zafi ne da daukewar wuta. Famfo na tsayawa ruwa ya daina motsi, iskar da kifi ke shaka a ruwa ta fara karewa, ga kifi na ja, ga murjani na ja, ga bakteriyar nan ma na ja, kuma ruwa mai dumi dama ba ya rike iska da yawa. Cikin 'yan awanni sai ka ga kifaye sun taso sama suna bude baki. Shi kuma murjani, duk da kamar fure yake a ido, dabba ce, kuma a cikin namansa akwai wata gansakuka 'yar mitsitsiya da ke zaune, ita ke amfani da haske ta hada masa mafi yawan abincinsa, ita ce kuma ke ba shi wani bangare na launinsa. In ruwa ya yi zafi fiye da kima ya dade a haka sai ya kore ta, ya koma fari fat, in abin bai gyaru da wuri ba yunwa ta kashe shi. Abin da ya faru ke nan da babban shingen murjani na Ostareliya a 2016 da 2017, kuma shi ne dai ke faruwa a falo idan cila, wato na'urar sanyaya ruwan tanki, ta tsaya a watan Maris. Mu muna rike ruwa a digiri 25 zuwa 26, in ya doshi 29 hankalina ba ya kwanciya. Na taba shiga wani gida da masu shi suka yi tafiya, inbata ta mutu ba wanda ya lura, tun daga kofa warin ya tare ni, ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, wani murjani mai rassa da na san shi tun yana guntu kamar dan yatsa naman jikinsa na sabulewa daga kashin. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Shi ya sa yanzu kafin mu auna inda tanki zai zauna, wutar gidan muke fara tambaya. Akwai inbata? Batir nawa, yaushe aka saye su? Wa ke tada janareta in an dauke wuta karfe biyun dare? Famfon dawo da ruwa da mai kada ruwa dole su hau layin inbata, fitila za ta iya hakuri, murjani zai jure kwana biyu ko uku ba haske amma ba zai jure ruwa a tsaye ba. Muna kuma ajiye karamin famfon iska mai batir a kowane gida. Kudin ma muna fada tun farko, tunda a Afrilun 2024 aka kai wutar Band A naira 225 kowane yunit, cila da fitilu da famfuna kuma ba sa hutu, gara mutum ya ji lissafin tun bai sayi gilashi ba.

Anan ne na gane wani abu da ban zata ba, wato mai gidan da ya biya kudi ba shi ke rike da tankin ba. Mu sau daya muke zuwa a sati, shi Alhaji yau yana Abuja gobe Dubai. Wadanda ke tare da tankin kullum su ne maigadi da mai aiki da yaran gida. Saboda haka in na gama aiki ba na tafiya sai na zauna da su. A wani gida a Ikoyi maigadin dattijo ne dan wajen Sakkwato, na nuna masa in komai ya mutu ya dauki jug mai tsabta ya rika debo ruwan tankin yana zubo shi daga sama a hankali, wannan kadai yana sa iska. Ya ce "yaro, wannan ai ba wuya." Wani dare janareta ya ki tashi, Baba ya kira ni, ni ina Agege ba halin in tsallako a wannan lokacin, shi ya zauna yana debowa yana zubawa har mai gyara ya iso da asuba. Ko kifi daya bai mutu ba. Da na je na ce Baba sannu da kokari, Allah ya saka, ya ce ai rai ne, amana ce. Na fada wa Alhajin a gabansa don ya san wanda ya cece masa dukiya.

Ita kuma mai aiki abin da nake rokonta shi ne maganin sauro. Feshi daya a falo da tanki a bude zai iya kashe jatan lande da sauran kananan halittun ciki, kifin ma bai tsira ba, kuma sikima, na'urar da ke tada kumfa tana fitar da datti, iskar dakin take zuka ta cusa cikin ruwan. Haka turaren feshi, haka abin goge gilashi. Hajiya in za a yi turaren wuta sai na ce a yi nesa da tankin a bude taga. Hannu mai man shafawa ko sabulu ba ya shiga ruwan. Yara kuma kauna ce ke sa su yi ta zuba abinci, sai na auna musu na kowace rana a 'yan kananan robobi, abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, in ya kare ya kare. Su yaran sun fi kowa son kifin nan ruwan lemo mai farin zane, kuma na kan ba su labarin cewa babbar cikinsu ita ce mace, in ta mutu namijin ne ke rikidewa ya zama mace, su yi ta mamakin ikon Allah.

Awo muna yi duk zuwa, kuma a rubuce. Kowane tanki da littafinsa a cikin kabad din kasa. Alkaliniti muna so ya zauna wajen 8 zuwa 9, kalsiyam 400 zuwa 450, magnisiyam kusan 1300, don da su murjani mai kashi ke gina jikinsa. Amma oga ya hana ni bin lamba da gudu. In ka tarar alkaliniti ya sauka 7 kada ka ce sai ka mayar da shi 9 yau, tsallen ya fi saukar illa, a hankali ake dagawa cikin kwanaki. Canjin ruwa ma kashi 10 cikin 100 ne a sati ko sati biyu, ba a kwashe rabi don ana so a burge mai gida.

Sabon kifi ba ya shiga babban tanki sai ya yi makonni a karamin tanki na daban a shago. Akwai cutar farin dige-dige, maganinta mai karfi na jan karfe ne, shi kuma jan karfe yana kashe murjani har dutse ma yana shanye shi, don haka in ta shiga babban tanki sai an kamo kifin duka a yi musu magani a waje, tankin ya zauna ba kifi sama da wata biyu. Wanda ya taba farautar karamin kifi a tsakanin duwatsu ya san ba abin da za a so a maimaita ba ne. Sannan don Allah duk mai taba murjanin nan masu kama da kananan maballai ya sa safar hannu da tabarau, wasunsu na dauke da guba mai suna palitoksin, kuma kada a kuskura a tafasa dutsen tanki ko a kankare shi a rufaffen daki, tururin ya kwantar da iyalai a asibiti a kasashen waje.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne nisan da halittun nan suka yi kafin su zo hannunmu. Gabar tekunmu ba ta da irin wannan shingen murjani, manyan koguna irin su Neja suna zubo ruwan dadi da laka, murjani kuma garau yake so. Daga Indonesiya da Ostareliya da wajajen Kenya ake kawo kayan a jirgi cikin leda, murjani mai kashi ma sai da takardun CITES, wato izinin kasa da kasa na cinikin halittun da ake karewa, ga dala, ga gosulo daga filin jirgi zuwa shago ana ta addu'a kada ledar ta yi zafi. Bayan duk wannan a ce sakaci ya kashe shi a falon wani, ni abin yana min ciwo. Don haka wanda wutarsa ba ta tsaya ba ina fada masa gaskiya ya fara da tankin ruwan dadi, ko da cinikin zai wuce mu, wanda kuma ya shirya muna fara masa da murjani masu laushi da suka fi juriya. A shago yanzu mun ware tanki guda da muke yanko kananan rassa daga wadanda suka girma a gidajen kwastomomi, da izininsu, mu manna su a kan 'yan duwatsu su ci gaba da girma. Wadannan sun riga sun saba da ruwanmu da haskenmu, ba su sha wahalar jirgi ba, kuma su nake fara nuna wa duk wanda ya shigo yana neman na farko.