Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da aka ɗauke tashar agogo

A makon jiya na tsaya inda na samu aikin gyaran wuta a wata makarantar sakandare a Coventry, ƙasar Ingila. Cikin abin da aka ɗora mini har da agogunan bango na azuzuwa.

Ba irin namu ba ne da ake murɗa wa kunne idan an fara labaran rediyo. Da kansu suke saituwa. Kowanne yana da 'yar sandar eriya a ciki, tana kama wata sigina mai suna MSF a kan kilohaz 60, can ƙasa da inda rediyon gida ke iya kamawa. Ba magana, ba kiɗa. Duk daƙiƙa takan ɗauke kamar ƙiftawar ido, farkon minti kuma ta ɗauke rabin daƙiƙa cur. Da wannan ɗaukewar agogo ke gane shekara, wata, rana da ƙarfe nawa.

Tun 1950 daga garin Rugby aka riƙa watsa ta, nan kusa da mu. Ran 1 ga Afrilu 2007 hukumar awo ta ƙasar, NPL, ta mayar da ita Anthorn, can arewa daf da iyakar Sikotilan, da sabon injin watsawa da agogunan atam guda uku, wato agogunan kimiyya masu tsananin daidaito. Cikin watan Agusta aka kayar da sauran dogayen turakun eriya na tashar Rugby masu tsawon mita 250.

Gyara ne babba, amma mu da muka saba da tasha a bayan gida mun ji a jikinmu. Agogunan ɗakunan ƙasa suka daina kamawa. Haka na bi su da tsani, ina matsar da su kusa da taga, nesa da kwamfutoci da dogayen fitilu, ina juya su har gefen sandar ya fuskanci arewa. Wani sai ya kwana a bakin taga kafin hannayensa su zabura su koma daidai.

Da azumin shekarar ya kama a watan Satumba, na saya wa wani dattijo ɗan Zariya da muke salla tare irin wannan agogon, saboda sahur. Ya juya shi, ya nemi kunnen murɗawa ya rasa.

"Ɗana, wa ke saita shi?"

"Baba, daga arewa ake aiko masa da lokaci."

"Arewar tamu?"

Na ce a'a, tasu. Bai yarda ya ajiye tsohon agogon hannunsa ba har aka yi Salla.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin zuwan iyalina.